Shekarar da Na Ɓatar da Muryar Dauda

Akwai wata magana da ta zauna a gidan nan har ta yi saiwa, ku da kanku kuna maimaita ta idan an taru da Sallah: wai Isiyaku mai gyaran kwamfuta na Funtua shi ya lalata mini aikin shekara shida. Har na ji 'yar'uwarku Maryam tana hana ƙawarta kai masa waya. To ku saurara, tunda yanzu biro yana hannuna kuma babu mai katse ni. Isiyaku bai lalata komai ba. Ni na lalata, da yatsan nan nawa na dama, wata Asabar da hantsi, ina zaune a kan tabarma da kofin shayi a gefe. Zan ba ku labarin yadda aka yi tun daga tushe, ku daina ɗaukar alhakin bawan Allah.

Kun san na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin malamin gona, tsakanin Malumfashi da Matazu, ina yawo a kan babur ina gaya wa mutane abin da za su shuka da ranar da za su zuba taki. Sai da na yi ritaya na zauna, sannan na lura da wani abu da ya ba ni kunya: duk shekarun nan ni ke magana, su suna gyaɗa kai. Ban taɓa tambayar wani tsoho dalilin da ya sa yake shuka kaura a wannan gefen gona, farafara a wancan ba. Ni kuwa tun ina ƙarami Allah ya yi ni da son ganin cikin abu. Na taɓa kwance agogon mahaifinmu don in ga me ke motsi a ciki. Agogon bai sake motsi ba, ni ma na yi kwana biyu ban iya zama ba. Wannan halin ne ya sa na ɗauki waya na koma ƙauyukan da na sani, amma a wannan karon ni ke tambaya. In zauna da tsoho ko tsohuwa, in danna wayar, su yi ta bayani a kan irin dawa na kakanninsu, yadda ake zaɓen zangarniya, yadda ake ajiyar wake. Maryam ta ba ni tsohuwar laftof ɗinta, ta koya mini juye murya daga waya zuwa cikinta. Kowace murya na rubuta mata sunan mai ita da garinsu. Da na juye sai in goge ta cikin waya, don a samu wurin wata.

Ku lura da wannan na ƙarshe. Ni ne mutumin da ya shekara talatin yana yi wa manoma huɗuba cewa ba a ajiye iri a rumbu ɗaya. Ka raba, ka kai wa ɗan'uwanka na wani gari dami ɗaya, in gobara ko gara ta ci naka ka je ka karɓo. Sun ji, sun yi. Ni kuma na tara muryoyin mutum sama da ɗari biyu a cikin akwati ɗaya mai kaurin littafi, ban taɓa tunanin raba su ba, don a ganina ƙarfe ba ya ruɓewa.

A cikin muryoyin nan akwai ta Dauda. Manyanku sun san shi, ƙananan ba su riske shi sosai ba. Kirista ne, daga wani ƙauye bayan Dayi, kuma abokina ne na shekara arba'in. Da faɗa muka fara. Na kai musu sabon iri ina saurayi ina ji da kaina, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya tofar, ya ce wannan tuwonta ba zai kwana ba. Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar na manne masa. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka matso za ka ji, amma in ya ciji dawa zai gaya maka irinta da irin ƙasar da ta fito. Wata rana bayan girbi na zaunar da shi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya yi kusan awa biyu yana magana, wayata tana ɗauka. Da damina ta zagayo ya kwanta kwana uku, ya rasu.

Da na je ta'aziyya, matarsa, wadda kowa ke kira Maman Yohanna, ta sa aka kira ni gefe.

"Malam, an ce ka kama muryarsa a waya."

"Na kama, Maman Yohanna. Kusan awa biyu yana magana."

"To ni ko hotonsa na kirki ba ni da shi. Yara za su zo Kirsimeti. In da hali, a kawo mana mu ji shi."

"Ko babu hali zan kawo," na ce mata.

Na dawo gida hankalina kwance, don a sanina abin yana nan a ajiye. Sai wajen kaka, da na buɗe laftof ɗin zan juye mata muryar, na ji wani ɗan ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro na cin wake a buhu. In na danna fayil sai ta yi tsaye tana tunani, wani ya buɗe, wani ya ƙi. Ranar Alhamis na saka ta a jaka na kai wa Isiyaku. Dattijon mutum ne, ba mai yawan magana ba, shagonsa cike da gawarwakin na'urori har rufi. Ya kunna, ya kara kunne, bai yi minti ɗaya ba ya kashe ta.

"Baba, faifan ajiyar da ke ciki ne ya fara mutuwa. Duk kunnawar da aka yi, ana rage masa kwana ne. Ranar Litinin za a kawo mini faifan waje daga Kano, mu kwashe komai tukuna, sannan a yi maganar gyara. Bar ta nan."

"A'a," na ce. "Amanar mutane ce a ciki, ba ta kwana a shago."

"To shi ke nan. Amma don Allah, Baba, kada ka kunna."

Na yi Juma'a ban taɓa ta ba. Amma ƙarar nan ta tsaya mini a rai. Me ke bugawa a ciki? Me yake bugu? Ta yaya abin da ba shi da rai zai fara mutuwa? Da hantsin Asabar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jawo wayar wuta daga falo, na ɗora laftof a kan cinya. Mahaifiyarku, Hajiya Ladi, tana tsince shinkafa a ƙofar kicin, ta ɗago kai.

"Malam, ba cewa aka yi kar a taɓa ba?"

"Dubawa kawai zan yi."

"Haka ka ce ranar da ka duba injin markaɗena."

Ban kula ta ba. Da kwamfutar ta tashi, sai wani ɗan saƙo ya fito a kusurwa da Turanci, yana cewa an ga matsala a faifai, in ina so ta bincika ta gyara da kanta. Wallahi abin ya burge ni. Na yi shekaru ina fama da shuka da dabba, babu wadda ta taɓa gaya mini ga ciwona, ga kuma magani. Ga na'ura ta san ciwonta, har tana neman izini ta yi wa kanta magani. Na ce a raina Isiyaku mutum ne, daga waje yake kallo, ita kuwa cikinta ne. Na danna. Fuskarta ta yi baƙi, lambobi suka fara hawa a hankali, ɗaya, biyu, uku. Na kara kunne a jikinta ina jin ƙarar tana sauri tana lafawa, ina ƙoƙarin gane me kowace ke nufi, shayina ya huce ban sani ba. Ta wuce rabi ke nan aka ɗauke wuta. Batirin tsoho ne, ko minti biyar bai riƙe ba, ta mutu a hannuna. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na tashi na tayar da janareta, na sake kunna ta, ta sake tambaya, na sake ba ta izini. Sai bayan la'asar ta gama, ta rubuta mini cewa an gyara faifai.

Na buɗe wurin da nake ajiye muryoyin. Sunaye goma sha wani abu na gani, su ma rabinsu ba sa buɗewa. Sauran babu su babu alamarsu. Na rufe na sake buɗewa, na rufe na sake buɗewa. Hajiya ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi fuskata, ta ɗauke kofin ta tafi. Da Maryam ta kira da yamma tana tambayar labarin kwamfuta, na ce mata, "An kai wa mai gyara, yanzu kuma komai ya ɓace." Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, amma na san abin da za ta fahimta, kuma na bar ta ta fahimta. Daga nan maganar ta bazu a cikinku. Isiyaku ya ji ana faɗa, bai taɓa musawa ba, ni kuma ban taɓa gyarawa ba sai yau. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba.

Ranar Litinin na koma shagon. Ya kunna, ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Sau nawa ka kunna ta, Baba?"

"Sau biyu. Wuta ta ɗauke a tsakiyar na farko."

Ya shafa gemu. Ina jira ya yi faɗa, sai ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani mataccen faifai na wani, ya kwance shi a gabana. A ciki akwai wani ɗan faranti mai sheƙi, har na ga fuskata a jikinsa, da wani siririn hannu mai allura a baki. Ya ce farantin yana juyawa da gudun da ido ba ya gani, allurar kuma tana shawagi a samansa ba ta taɓa shi, tazarar ko gashi ba zai shiga ba. Ranar da ta fara taɓawa, ita ce ƙarar da na ji, kuma duk taɓawa tana kankare wani abu. Na tambaye shi to ina muryar take, tunda ban ga komai a farantin ba. Na tambaye shi me ya sa ba ta zubewa in an kife shi. Na tambaye shi ko yawon da na yi da laftof ɗin a bayan babur a hanyar ƙauye ne ya jawo, ya ce yana iya yiwuwa. Ya fi awa yana amsa mini, kuma zan gaya muku gaskiya, a tsakiyar baƙin cikin nan daɗi nake ji. Sai da na fito na tuna abin da ya kawo ni, na ji haushin kaina.

"To gyaran da ta ce ta yi fa?" na tambaye shi kafin in tafi.

"Baba, ba faifan ta gyara ba, rajista ta gyara. Ka ɗauka sito ne cike da buhuna, kowane da takardarsa, ga littafin da ke nuna inda kowane yake. Ita littafin ne damuwarta. Duk buhun da bai yi daidai da littafi ba, sai ta cire masa takarda ta jefa shi gefe, wani ta farke shi, littafi ya yi tsaf, ta ce ta gama. Kuma duk awannin da ta yi tana wannan, allura na kankarar farantin."

Wannan na gane shi sarai, don na taɓa ganin iri kala bakwai a masussuka ɗaya bayan iska ta kwashe alamominsu.

Kwana tara Isiyaku ya yi a kan faifan nan. Ba ya gyara shi, kwafe shi yake yi zuwa wani, kaɗan-kaɗan, in ya yi zafi ya kashe ya bar shi ya huta, in ya zo wurin da ya kankare ya tsallake. Kullum ina zuwa in zauna a benci ina kallo ina damunsa da tambaya. A rana ta tara ya miƙo mini filas, ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta, ya ce iyakar abin da ya iya ke nan. Gutsattsari ne ɗaruruwa, babu suna ko ɗaya, sai lambobi. Wani cikakke ne, wani rabin magana, wani ya fara da muryar tsoho ya ƙare da shuuu.

Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, makonni. A nan na gano wani abin mamaki: mutumin da ka zauna da shi awa guda, in aka cire fuska da suna, muryarsa baƙuwa ce. Kaɗan na gane. Sauran na zuba a waya, na sayi 'yar lasifika, na riƙa bin ranakun kasuwa ina zama wurin masu hatsi ina kunnawa. Kafin murya ta yi numfashi biyu wani zai ce, "Kai! Wannan ai Kawu Ɗan'azumi ne na gidan maƙera." Wani ya yi dariya, wani ya juya baya yana share ido da bakin riga. Da haka sunaye da yawa suka dawo. Amma abin da nake nema ban same shi ba. Na san maganar Dauda, na san yadda yake jan "to" kafin ya fara bayani, kuma na bi gutsattsarin nan kaf har sau biyu. Isiyaku ya ce fayil ɗinsa ya fi kowane girma, kuma ga alama a daidai inda farantin ya fi kankarewa yake zaune.

Daga nan na fara kauce wa hanyar ƙauyensu. In na je Dayi sai in gama abin da nake yi in juyo da wuri, kada in haɗu da wani nasu. Watan Kirsimeti ya kama, ya raba, ina ta cewa gobe. Saura kwana uku Hajiya ta ajiye mini abincin rana ta ƙi tashi.

"Malam, matar nan tana can tana ƙirga kwana. Ta gaya wa 'ya'yanta za su ji ubansu."

"To me zan kai mata?"

"Bakinka. Ka je ka gaya mata kafin su iso, kada ta ji kunya a gabansu. Ni na rufa maka asiri a gidan nan, amma ban da wannan."

Washegari da safe na hau motar Malumfashi, daga Dayi na hau babur. Na iske Maman Yohanna a tsakar gida tana bakace, an share ko'ina, an yi wa ɗakuna sabon yaɓe saboda baƙi. Da ta gan ni da jaka sai fuskarta ta washe, ta ajiye faifan bakacen ta shimfiɗa mini tabarma da sauri. Wannan murnar tata ta fi komai yi mini ciwo. Bayan mun gaisa na gaya mata duka, yadda aka hana ni, yadda na kunna, yadda na danna har sau biyu. Ban da Isiyaku, ita ce mutum ta farko da na gaya wa gaskiyar da bakina. Ta saurara har na gama, tana kallon hannuwanta.

"To," ta ce. "Ya tafi ke nan har da muryar."

"Ki yafe mini."

"Ba komai, Malam. Ai da ba ka kama ba ma, da ban sa rai ba." Ta ɗago ta dube ni. "Na ƙauyen nan fa, babu ko ɗaya da ya tsira?"

Akwai guda ɗaya, na minti huɗu, na Iya Talatu maƙwabciyarsu tana bayanin ajiyar wake da toka. Ranar da na ɗauki muryar Dauda na ɗauki tata, bayan mun gama, a bakin zauren gidan nan, don ta ce ba za ta zauna a gindin tsamiya cikin maza ba.

"Ita da kullum nake jin ta ta katanga," in ji Maman Yohanna, har ta ɗan murmusa. "Amma tunda ka sha hanya, sa mu ji."

Na kunna. Iya Talatu ta fara, a tankaɗe toka, a bar ta ta huce, a zuba wake a tulu. A bayanta ana jin zakara, ana jin daka daga wani gida. Can wajen tsakiya akwai wani namiji daga nesa yana ɗaga murya. Na saurari gutsuren nan ya fi sau goma, kullum ina ɗauka wani ne a maƙwabta yake kiran 'yarsa, har ina jin haushin ya ɓata mini ɗauka.

"Rifkatu! Ke Rifkatu! A kawo wa baƙo ruwa mana, rana ta yi."

"Na'am," in ji Maman Yohanna.

Da ƙarfi ta amsa, har ta yunƙura za ta tashi. Sai ta tsaya a haka, rabi a zaune rabi a tsaye, ta kai hannu ta rufe baki. Na tsayar da wayar. Kuma don ku san irin uban da Allah ya ba ku, abin da ya fito daga bakina tambaya ce.

"Wace ce Rifkatu?"

"Ni ce, Malam." Hawaye na zuba, tana dariya. "Shekara arba'in kana cin tuwona ba ka san sunana ba. Ina za ka sani? A gaban mutane bai taɓa kirana da shi ba. Ranar nan zagayawa ya yi bayan rumbu, yana zaton ni kaɗai ke ji." Ta koma ta zauna, ta share fuska da gefen zane. "Iyayena sun tafi, yayyena sun tafi. Shi kaɗai ya rage mai kirana da shi. Tun da aka binne shi ban sake jin sa a bakin kowa ba."

Awa biyu na ɓatar mata, ga abin da ya rage bai kai numfashi uku ba, kuma ba ni na ajiye shi ba, shi ya shigo da kansa. Na fara ba ta haƙuri a kan sauran, ta ɗaga mini hannu.

"Dawar tasa ku ta dama, ni na gaji da jin ta tun yana raye. Mayar da shi baya."

Na mayar. Ya kira, ta amsa.